Kwalbar Morfin da Hanyar Zurmi

Ciwon daji ne ya kama Gwaggona a mama, kuma kafin a gane shi ya riga ya shiga ƙashin baya. A Zurmi take zaune, ni kuwa ina aiki a Kaura Namoda, sai na zama ɗan aike tsakaninta da asibiti. Mace ce da ta yi haihuwarta duka a ɗaka ba wanda ya ji muryarta, amma wannan ciwo sai da ya sa maƙwabta suka riƙa jin nishinta ta bayan katanga. Idan na gaishe ta da jiki sai ta ce, "Ɗana, ciwon ga ba shi barci."

An yi rubutu, an yi tofi, an yi ƙaho. Mai kemis ɗin unguwa kuma yana zuwa da allurar da ake ce wa fenta, ta lafa mata na ɗan lokaci, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har cinyarta ta taurare saboda yawan huda. Tiramol ma in ka je saye ana yi maka kallon ɗan shaye-shaye, musamman tun 2018 da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin aka kuma matsa wa masu sayar da ƙwaya.

Daga Gusau aka tura mu wani asibitin koyarwa, a can na fara ganin ana haɗa wa mutum magani da hannu. Garin morfin ne ake aunawa, a narka shi a ruwa mai tsabta, a zuba a kwalba, a rubuta sunan mai shi da adadin da zai sha. Mai haɗa maganin ya ba ni sirinji marar allura, ya ce, "Malam, duk bayan awa huɗu, a baki, kada ku jira sai ta yi kuka." Ya haɗa mana da maganin sakin ciki, don morfin yana ɗaure ciki. Daren da ta fara sha ta yi barci har asuba. Bayan 'yan kwanaki ta zauna ta yi sallah, ta nemi fura, ta koma faɗan jikoki.

Likitanta ne ya taɓa ba ni labarin wata na'ura da ake amfani da ita a Amurka da Turai. Ana dasa ta ƙarƙashin fatar ciki, a ja siririn bututu zuwa ruwan da ke kewaye da lakar baya, tana ɗiga magani kaɗan-kaɗan dare da rana. Da yake maganin yana isa wurin kai tsaye, ɗan ƙanƙani ya wadatar. Sai dai tana bukatar tiyata, da ƙwararren da zai riƙa cika ta da allura duk bayan wata ɗaya zuwa uku, da maganin da aka haɗa cikin tsabta matuƙa. Na saurara, amma hankalina yana kan kwalbar, don ita kanta nesa take da mu.

A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi, mai ya yi wuya. A wannan tsakani kwalbar ta ƙare. Ba halin kiran likita, hanyar Zurmi zuwa Kaura kuma ba kullum take biyuwa ba. Nishin ya dawo. Sai da na samu mota na tafi na dawo da sabuwa, amma kwanakin da ta yi babu magani har yau ba su bar zuciyata ba. Allah Ya jiƙanta, ta rasu kafin ƙarshen shekarar.

Abin da ke ci mini rai shi ne garin morfin ba shi da tsada. A Yuganda, Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993 a kan wannan ruwan morfin, kuma tun 2004 ƙasar ta yarje wa nas-nas da aka horar su rubuta shi, suna kai wa marasa lafiya har gida. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta horar da nas da mai haɗa magani a manyan asibitocin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta ba su kabad mai makulli da littafin rajista, masu daji da masu sikila su samu maganin a garinsu.