Jarrabawar gwaji ba ta lallashi ba ce

Jama'a, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, lissafin duk mai burin karatu a waje ya canza. Kuɗin rajistar GRE, jarrabawar da jami'o'i da dama a Amurka ke nema kafin su ɗauki mutum digiri na biyu ko na uku, ya haura dala 200. A lokacin da dala ta wuce naira 1,500, sama da naira dubu 300 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya kuwa naira 70,000 ne. Wato albashin fiye da wata huɗu za ka ɗora a kan zaman da bai kai awa biyu ba.

Wata na uku ke nan ina shirin wannan jarrabawa, kuma saƙonni sun yi yawa a akwatina: "Malam, wane littafi kake karantawa?" "Yaya, ina zan fara?" Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Amsata a taƙaice ita ce, littafi ba shi ne babbar magana ba. Babbar magana ita ce jarrabawar gwaji, da yadda ka yi ta tsakaninka da Allah.

A da wasu kan ce bari in shiga ta gaske in ga yadda take, in ban samu maki mai kyau ba in sake. Doka ta ba da dama kam, ana iya maimaitawa bayan kwana 21, har sau biyar a cikin wata goma sha biyu. Amma wa ke da kuɗin wannan gwaje-gwajen yanzu? Yawancinmu harbi ɗaya gare mu. Wasu ma sai da aka yi musu karo-karo a dangi kafin kuɗin ya cika. Don haka duk faɗuwar da za ka yi, gara ka yi ta a ɗakinka, inda ba ta cin ko sisi.

Bari in fayyace yadda jarrabawar take, don wasu har yanzu tsohon tsari suke karantawa. Tun watan Satumban 2023 hukumar ETS mai shirya ta ta rage tsawonta daga kusan awa huɗu zuwa awa 1 da minti 58. Za ka fara da rubutun insha'i guda ɗaya cikin minti 30. Sai ɓangaren Turanci, tambayoyi 27 a kashi biyu, minti 41. Sai lissafi, shi ma tambayoyi 27 a kashi biyu, minti 47. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 zuwa 170 ne, na insha'i kuma daga 0 zuwa 6. Sakamakon yana aiki har shekara biyar.

Ku yi lissafin da kanku. Kowace tambayar Turanci minti ɗaya da rabi take da shi, har da lokacin karanta dogon rubutun da aka ciro tambayar daga ciki. A nan gizo ke saƙar.

Ranar da na yi gwajina na farko, na ɗauka lissafi ne zai ba ni wuya, tunda rabona da aljabara tun sakandare. Ashe ba haka ba ne. Lissafin nasu bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, aljabara, kusurwoyi, karanta jadawali. Har kalkuleta suna ba ka a kan allon kwamfutar. Abin da ya cinye min lokaci shi ne Turancin da aka naɗe lissafin a ciki. Na lura ina karanta tambaya, in juya ta zuwa Hausa a kaina, in warware, sannan in koma Turanci in nemi amsa. Tafiya biyu nake yi a inda wanda aka haifa cikin harshen ke yin ɗaya. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, nisan hanya ne. Kuma babu littafin da zai nuna maka wannan, sai agogo yana gudu a gabanka.

Mu da muka taso da tsoffin tambayoyin WAEC da JAMB mun saba da wani salo: ka haddace na shekarun baya, ka yi fatan su maimaito. A nan wannan dabarar ba ta ci. Tambayar da ka gani a gwaji ba za ta dawo ba, irin tarkon da ke cikinta ne zai dawo. Saboda haka na buɗe littafin rubutu guda, duk tambayar da na faɗi sai in rubuta dalili. Ban san kalmar ba ne? Ban karanta tambayar har ƙarshe ba? Ko lokaci ne ya ƙure na yi canke? Wallahi bitar takan ɗauke ni lokacin da ya fi na gwajin kansa. Bayan 'yan makonni sai na ga dalilan ba su fi uku zuwa huɗu ba, su ne ke ta zagayowa da sabuwar riga.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Jarrabawar tana auna ka tana tafiya. In ka yi ƙoƙari a kashin farko na lissafi ko na Turanci, kashi na biyu zai zo da tsauri, kuma ta nan ake kaiwa ga maki mai yawa. To ka ga wanda bai san haka ba, yana ganin tambayoyi sun yi zafi sai gabansa ya faɗi, alhali alamar alheri ce. Haka kuma ba a rage maki don ka ba da amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ka bar tambaya babu amsa.

ETS na da gwaje-gwaje a shafinta, sunansu POWERPREP, kuma su suka fi kama da ta gasken. Ba su da yawa, kada ka ɓarnatar da su. Ni na yi ɗaya a farko don in san inda nake, na ajiye ɗayan sai saura mako biyu. A tsakani ina amfani da na littattafai.

Sai dai gwaji ba ya amfani in ka yi wa kanka sassauci. Ka tsayar da agogo ka je ka sha shayi, ka leƙa ƙamus "sau ɗaya kawai", ka tsallake insha'i don ka gaji, sannan ka ɗauki hoton makin ka sa a WhatsApp ana ta "Ma sha Allah". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni dai kowace Asabar bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, nakan tabbatar kwamfuta ta cika da caji saboda halin wutarmu, in kashe waya, in zauna har ƙarshe ba tashi. Wani makon makin ya hau, wani makon ya sauko ya ɓata min rai har azahar. Amma na fi yarda da makin da ya ɓata min rai, domin shi ne ke gaya min gaskiya.

Kafin ka biya ko kwabo, ka shiga shafin sashen da kake nema ka duba. Tun lokacin korona jami'o'i da yawa sun daina tilasta GRE, wasu sun mai da ita zaɓi. Kada ka sayar da akuyar Hajiya a kan abin da ba a tambaye ka ba. In kuwa ana nema, ka riƙe sunayen makarantunka a ka tun kafin ranar, domin ana tura sakamako kyauta zuwa wurare huɗu, bayan nan kowanne sai ka biya da dala.

Saura 'yan makonni in zauna tawa. Ku sa ni a addu'a. Duk wanda ke kan wannan hanya, musamman ƙannenmu mata da ke haɗa karatun da hidimar gida, ku yi magana a ƙasa mu haɗa ƙungiya, mu riƙa yin gwajin rana ɗaya muna bita tare. Allah Ya sa wahalar da iyaye suka sha a kanmu kada ta tafi a banza.