Kunne Kafin Sifana

A wani gareji da ke bakin hanyar Zariya a Kano akwai wani dattijon makanike wanda ya kan hana yaransa taɓa sifana sai sun saurari inji tukuna. Wata safiya ta hunturu aka kawo masa tsohuwar 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Direban ya riga ya sayi sababbin fulogai, an kuma wanke masa kafireta sau biyu, amma motar ba ta daina rawa a silo ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne birkin ya yi tauri, har ya kusa afka wa mai kura alhali yana ɗauke da fasinja.

Dattijon ya sa aka tayar da injin, ya sunkuya ya yi shiru. Can ya ce wa babban yaronsa, “Me ka ji?”

“Maigida, kamar hucin maciji.”

Daga nan ya yi masa bayani. Idan fistin ya sauka yakan zuƙi iska, kuma muddin ba a taka totur ba ƙofar iskar kusan a rufe take, sai zuƙar ta yi ƙarfi. Wannan zuƙa ce ake ja ta cikin tiyon roba zuwa baƙar tukunyar da ke bayan birki, ita ke taimakon ƙafar direba. In tiyon ya tsage, iskar waje ta kutsa, fetur ya yi wa iska kaɗan, inji ya kama rawa, birki kuma ya rasa mataimaki. Ciwo ɗaya ne, direban yana ta yi wa alamominsa magani.

Ya sa aka kashe motar, direban ya taka birki sau biyar ya riƙe, sannan aka sake tayarwa. Da lafiya ce, da birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarsa. Ko motsi bai yi ba. Yaron ya bi tiyon da yatsa har ya iske inda zafi da shekaru suka busar da robar ta dare. Da ya toshe wurin da babban yatsa, injin ya lafa nan take.

Direban ya roƙi a naɗe wurin da salatif don lodinsa ya zo. Dattijon ya ƙi, ya zaunar da shi a benci, ya aiki yaron Ƙofar Ruwa ya sayo sabon tiyo.