Yaran Shehuri Sun San Rama, Ba Su San Alauma Ba

Kamar yadda kowa ya sani, tun wajen 1950 da 'yan kai 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu. Yanzu abin ya sauko kan yara. A unguwar Shehuri, daf da fadar Shehun Barno a Maiduguri, da magariba sai ka tarar da yara sun haɗa kai a kan waya guda, suna kallon zane mai motsi, wato katun. Daga cikin abin da suke kallo har da labarun gargajiyar Hindu.

Uban waɗannan labaru shi ne Ramayana, waƙa mai baiti wajen 24,000, wadda ake danganta ta ga wani mai hikima, Valmiki. Labarin ɗan sarki Rama ne, wanda aka kora daji shekara 14. Sarkin Lanka, Ravana mai kai goma, ya sace matarsa Sita, sai rundunar birai, har da jaruminsu Hanuman, suka gina gada a kan teku aka je aka ƙwato ta.

Wani mutumin Japan, Yugo Sako, shi ne ya haɗa gwiwa da gwanin zane na Indiya, Ram Mohan, suka mai da labarin katun, aka nuna shi a 1993. Tun kafin a fara aikin wasu 'yan Hindu suka yi ƙorafi, don suna gudun a wulaƙanta abin bautarsu, saboda haka sai a Japan aka yi zanen. Duk da haka fim ɗin bai mutu ba, har aka sake nuna shi a gidajen sinima na Indiya cikin Janairun 2025.

To, iyaye a Shehuri suna da hujja in hankalinsu ya tashi, domin Rama da Hanuman ababen bauta ne a wurin masu su, yaro kuwa bai san inda tatsuniya ta tsaya aƙida ta soma ba. Amma ƙwace waya kaɗai ba ya magani. In aka hana yaro wannan, me aka ajiye masa?

Ga shi kuwa Barno ba ta rasa labari ba. Gidan Saifawa ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulki kafin ya ƙare a 1846. Liman Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma tun 1576, da rundunar dawakinsa da 'yan bindigarsa, a zamanin da Birnin Gazargamu ke tashe. Bayajida ma, bisa ga labarin, sai da ya zauna a Barno ya yi aure, kafin ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu.

Indiyawa ba su fi kowa tarihi ba, sun dai zauna sun zana nasu ne. Samarin da suka iya zane da kwamfuta suna nan cikin Yerwa. Abin da ya rage shi ne masu hannu da shuni su buɗe aljihu, malaman tarihi su tsare gaskiyar labari, tun tsofaffin da suka san shi suna raye. Allah ya sa a farga.