Sifili ɗaya da ya kusa sa mu kunyata dattijo



Kun san tun da aka ɗora mini sakatare, a Excel nake ajiye lissafin kuɗin wata-wata da na asusun taimakon marasa lafiya. Da kwamiti ya amince a buɗe shafin da kowa zai duba abin da ya biya ta wayarsa, wani yaronmu a nan Agege da ya karanci kwamfuta ya ɗauki aikin. Ya gama, ya ce a sanar bayan sallar Juma'a. Na ce masa: "Ƙanena, kuɗin mutane ne, sai mun gwada."

Shi ya bayyana mini yadda abin yake. Shafin tambaya yake aikawa ma'ajiyar bayanai ta wata hanya da ake kira API, amsa ta dawo. Sai ya fitar da takardata ta jimillar kowane mamba zuwa fayil ɗin CSV, ya loda ta a manhajar Postman. Manhajar tana bin layi-layi, ta ɗauki lambar wayar mutum, ta yi tambaya, ta wuce na gaba.

Zagayen farko komai ya fito kore. Har ya fara murna. Na tambaye shi me aka duba, ya ce an duba ko amsa ta dawo da lambar 200, wato saƙo ya je lafiya. To ni ina ruwana da zuwan saƙo? Abin da ke cikinsa nake so. Na sa ya ƙara sharaɗi: adadin da API ya faɗa dole ya yi daidai da na takardata.

Nan ja ya cika fuskar kwamfuta. Yawancinsu ba matsala ba ce, ma'ajiyar a kwabo take lissafi, naira 5,000 tana fitowa 500000. Minti biyar ya gyara.

Waɗanda suka rage ne suka tayar mini da hankali, kuma laifina ne. A littafin biyan kuɗi na yau da kullum, wasu layukan ban mayar da gurbin lambar waya zuwa rubutu ba, sai sifilin farko ya faɗi, 0803 ta koma 803. Da aka kwashe bayanan, mutum ɗaya ya zama biyu, kuɗinsa ya rabu. Cikinsu har da wani dattijo da bai taɓa tsallake wata ba. Da mun sanar, da shafin ya nuna masa ana bin sa bashin rabin shekara, alhali dokarmu ta ce mai bashi ba ya cin asusun taimako. Kuma matarsa na kwance a asibiti a lokacin.

Mun gyara lambobin, mun sake gwaji, amma sai da na ɗauko rasit na takarda na duba wasu da hannu, don takardar tawa ma ba wahayi ba ce.

Shafin zai buɗe in sha Allahu. Wanda ya ga adadinsa bai yi daidai ba, ya same ni da rasit ɗinsa a ofis bayan la'asar.