Yadda na kashe Fijon Baba da hannuna

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Zazzau cikin shekarun 1980 ya san matsayin Fijo 504. Ita ce motar ma'aikacin da ya kai wani mataki, ita ce ta alhajin da noma ya karɓa, wagon ɗinta kuma ita ke jigilar fasinja tsakanin Zariya da Kano da Funtuwa. A Faransa aka fara fitar da ita a 1968, amma tamu 'yar gida ce. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, shi ya yi ta harhaɗa ta har wajen 2006, sama da shekara 20 bayan masu ita sun daina ƙera salun ɗinta a ƙasarsu.

Irinta mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa. Fara ce, salun, sabuwa fil ya saye ta, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba ta taɓa kwana a hanya ba. Da aka zo rabon gado, malamai suka yi mata kuɗi kamar sauran kaya. Ni ne babba, sai na ce a bar min ita don tunawa, zan biya kowa kasonsa. Ƙannena mata suka yi shiru irin na kunya, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Sai bayan makulli ya shigo hannuna na tuna ba ni da inda zan ajiye ta. Gidan haya nake a Zariya, tsakar gidan ko babur da ƙyar yake juyawa. In na bar ta a bakin titi, batir da madubi ba za su ga safiya ba. Wani ya ba ni shawarar garejin makaniki, amma na san abin da ke samun motar da ta daɗe a gareji: yau a ari filogi, gobe a ari kafireto, kafin ka farga ta koma shagon kayan gyara na kyauta. Masu gadin gidan mai kuwa kuɗin kwana suke karɓa, lissafin shekara ya fi ƙarfina. Hunkuyi ta rage, gidanmu na gado, a kan hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Danja da Kafur.

A can aka ba ni mafita biyu, duk na ƙi. Baffa ya nuna min tsohon siton da ake ajiye taki, mai daɓen siminti da rufin kwano. Ƙofarsa kawai za a faɗaɗa. Na lissafa bulo da kuɗin magini, na ga kamar asara ce. Shi kuma ƙanena, wanda ya zauna a gida yana noman rake da tumatir, ya same ni bayan magariba ya ce, “Yaya, ka bar min makullin. Zan riƙa tayar da ita, in kai Inna asibiti, ranar Juma'a mu je masallaci.” Abin da na hango daban: kwandunan tumatir a kujerar baya, rake a saman bodi, motar Baba tana nishi a hanyar Kudan ko ta Maƙarfi. Na ce masa motar tarihi ce, ba ta aiki ba. Bai sake magana ba.

Na kai ta bayan gida, gindin mangwaro, kusa da rumbu, don a ganina can ne inuwa take. Na sayo sabon tamfol na lulluɓe ta har ƙasa, na ɗaure da igiya tamau yadda ko iska ba za ta shiga ba. Na ja birkin hannu, na jefa makulli a aljihu na koma Zariya ina jin na cika ɗa.

Daminu suka yi ta wucewa. In na je gida sallah nakan leƙa daga nesa, in ga tamfol yana nan, in ce lafiya lau. Ranar da wani biki ya taso na so a ɗauki amarya a cikinta, na zo da tsohon makanikin da ya saba duba ta tun Baba na da rai. Muna yaye tamfol wari ya buge mu. Dattijon ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce, “Malam, wa ya ba ka wannan shawara? Ai gara da ka bar ta a rana.”

A ranar na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Yankinmu na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Ƙasar da ba daɓe tana shan ruwan nan, rana ta fito ta tayar da shi, tururin ya hau ya tarar da tamfol ya tare hanya, sai ya koma ya kwanta a jikin ƙarfe. Tukunyar dambu na haɗa ban sani ba. Tsatsa ta ci ƙasan motar har ana hango ciyawa ta wajen ƙafar direba. Ɓerayen da rumbu ya tara suka sami ɗaki mai duhu da ɗumi, suka yage soson kujeru, suka gwaguye wayoyin wuta. Birkin hannun da na ja ya manne, kuloci ya kama, tayoyi sun sace sun tsattsage a inda suka zauna. Ɗan man da na bari a tanki ya lalace ya zama danƙo ya toshe kafireto, sauran filin tankin kuma ya tara raɓa ya yi tsatsa. Ruwan da ke lagireto ya koma ja kamar jar ƙasa. Batir ba a maganarsa.

Na tambayi dattijon abin da ya kamata a ce na yi. Ya ce daɓe busasshe, rufi a sama, iska tana ratsawa, nesa da hatsi. In rufewa za a yi, da mayafin yadi mai numfashi, ba leda ba. A cire kan batir, a sa dutse a taya maimakon birkin hannu, in zaman zai yi tsawo a ɗaga ta a ɗora a kan katako. Sannan ya dubi ƙanena da ke tsaye gefe, ya dube ni, ya ce duk wannan dabarar wanda ba shi da kowa ce. Mota mai mutum, a tashe ta duk mako, a yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, mai ya zagaya, birki ya motsa. Tayar da ita a tsaye na ɗan lokaci ma bai isa ba, don ruwa yake tarawa a salansa.

Ba mu kaɗai ke wannan ɓarna ba. Wani attajirin Faransa mai harkar sufuri, Roger Baillon, ya tara tsofaffin motoci masu daraja da niyyar buɗe gidan tarihi, kasuwanci ya karye, suka yi shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano. Da aka gano kusan 60 daga cikinsu a 2014, da yawa tsatsa ta gama da su. Wata Ferrari da ta dace da ɗaki busasshe ita ce aka sayar sama da Yuro miliyan 16 a gwanjon Paris na Fabrairun 2015. Su can ko gawar mota tana da masu saye da tsada. Mu nan mai jiran gawar ɗan jari-bola ne, da sikelinsa.

Amma in na tsaya a kan tamfol da mangwaro na yi wa kaina sassauci. Jahilcin ajiya ƙaramin laifi ne, tambaya ɗaya za ta warkar da shi. Babban laifin shi ne na fi yarda da igiya a kan ɗan'uwana. Yaron nan shi ya riƙa tuƙa Baba a shekarunsa na ƙarshe, ya fi ni sanin kukan injin. Abin da na kira kishin kayan mahaifi, rowa ce da son a ce ni ke riƙe da shi. Ko da ya ɗauki tumatir ɗin, me ya yi zafi? Baba da kansa ya sha ɗaukar buhunan masara a but ɗinta, kuma don irin hanyoyinmu aka yi ta. Inna ta yi ta hawa bayan babur zuwa asibiti alhali motar mijinta na ruɓewa a bayan ɗakinta. Ga kuma haƙƙin ƙannena mata, wanda na yi ta ɗagawa daga wannan kaka zuwa waccan, ina riƙe da dukiyar da ba tawa ni kaɗai ba.

Na biya su kasonsu a kan kuɗin da aka yi wa motar ranar rabo, na ƙara da abin da ya sawwaƙa saboda faɗuwar darajar Naira, na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya. An faɗaɗa ƙofar siton Baffa, kuɗin bai kai na wayoyin wuta kaɗai ba. Kayan gyara muna tsinto su sannu a hankali a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu sai an sha yawo, don masu 504 sun ragu, masu ajiye kayanta ma haka. Injin ya tashi, aikin bodi ne da saura, kuma makulli yana hannun ƙanena.

Na san akwai gidaje da dama daga Ikara zuwa Kudan da ke da irin wannan mota a lulluɓe a bayan gida, magada sun kasa sayarwa, sun kasa hawa. In naku na ciki, ku yaye rufin nan tun kafin ruwa ya sauka, ku kira makaniki ya duba, ku zauna ku ba kowa haƙƙinsa, sannan ku miƙa makullin ga wanda ke kwana a gidan.