Wasan Tanis da Riƙon Amana

 

Da yawa daga cikinku sun sha ganina bayan La'asar na nufi bayan gari da raket a saɓe, yara biyu ko uku na biye da ni. Wasu dariya suke yi, wasu kuma kunyata suke ji, ba su cewa komai. Dattijai kuwa ba su ɓoye abin da ke ransu, sai su ce, "Malam, mi kaka samu ga wanga wasa na Nasara?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. Amsata a taƙaice ita ce: ban san wani wasa da ke gwada amanar mutum kamar tanis ba, kuma saboda haka ne nake sonsa tun ina yaro har yau da nake karantar da 'ya'yanku.

A Shagari na fara ganin wasan. Duk lokacin da aka ba mu hutu a Boɗinga, mahaifina yakan tura ni wajen kawuna, wanda malamin makarantar boko ne a can. Yana da tsofaffin raket guda biyu da ya zo da su daga kwalejin horon malamai, da ƙwallo uku da gashinsu ya ƙare. Ba mu da filin siminti. Wani fako muka samu, muka share, muka ja layi da toka, muka kafa sanduna biyu muka ɗaura tsohuwar ragar kamun kifi. Kawu kuwa bai yarda da awon ido ba. Sai da ya auna tsawon filin mita 23.77, faɗinsa mita 8.23, tsakiyar raga kuma ta yi ƙasa da mita ɗaya kaɗan, kamar yadda doka ta ce. Da na koma gida na sassaƙa katako na riƙa buga ƙwallo a jikin katanga, har mahaifiyata ta ce in tausaya wa ginin.

Bayan na sauke Alƙur'ani na tafi birnin Sakkwato karatun Larabci, a nan na fara taka filin gaske. Ba ni da kuɗin shiga ƙungiya, sai na riƙa tsintar wa manya ƙwallo, in sun gama su bar mu mu taɓa kafin Magariba. Ban ɗauki wannan ƙasƙanci ba, domin Nduka Odizor ma da tsintar ƙwallo ya fara a Legas, amma a 1983 sai da ya shiga cikin 'yan wasa 16 na ƙarshe a gasar Wimbledon ta Ingila. Arewa ma ba a bar ta a baya ba: Sadiq Abdullahi ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988, Kano kuma ta daɗe da gasarta ta Dala.

Ga wanda bai san wasan ba, lissafinsa haka yake. Makin farko 15 ake ce masa, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma an ci wasa ɗaya ke nan. In duka biyun suka kai 40, to sai wanda ya ci biyu a jere. Wanda ya riga cin wasa 6, da ratar 2, shi ya ɗauki turmi. Babu agogon da zai tashi wasan, ba kamar ƙwallon ƙafa ba, don haka mutum ba shi da damar ɓata lokaci ya tsira. Dole sai ya ci makin ƙarshe da hannunsa. A Wimbledon ta 2010, John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa sun shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana 3, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68.

Wasan da ba na mantawa shi ne na ƙarshe na Wimbledon ranar 6 ga Yuli, 2008, tsakanin Roger Federer da Rafael Nadal. Mun yi sa'a an gama gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Turai mako guda kafin nan, shi ya sa mai gidan kallo ya yarda ya kama mana tashar, mu 'yan ƙalilan, muka haɗa kuɗin man janareto. Ruwan sama ya yi ta tsayar da wasan a Landan. Muka tashi muka yi La'asar muka dawo, muka yi Magariba muka dawo, muka yi Isha'i muka dawo, suna nan suna yi. Sai bayan ƙarfe 9 na dare Nadal ya yi nasara, bayan awa 4 da minti 48 na bugu. Federer ya yi ritaya a 2022 da manyan kofuna 20, Nadal a 2024 da 22. Shekara da shekaru suna hana juna kofi, amma ranar da Federer ya yi bankwana, Nadal na gefensa yana kuka.

To, yanzu ga asalin maganar da nake son ɗalibai su riƙe. A manyan gasanni akwai alƙali a kan doguwar kujera, a da kuma akwai masu duba layi, har a 2025 Wimbledon ta sallame su ta ɗora wa na'ura aikin. Mu 'yan bayan gari ba mu da ko ɗaya. Ƙa'idar wasa in babu alƙali ita ce: kowa shi ne alƙalin ɓangarensa. In na bugo maka ƙwallo ta faɗi gefenka, kai za ka faɗa ko ta shiga ko ta fita, ni kuma dole in karɓa. In ta taɓa layi ko da kaɗan ne, ta shiga. In kuma kana kokwanto, makin na abokin karawarka ne. Ku duba da kyau, wato an damƙa maka haƙƙin wanda kake son ka kayar, a daidai lokacin da zuciyarka ta fi son nasara, kuma yana nesa da kai kusan mita 20, ba ya ganin abin da kake gani.

Ko a inda alƙali yake, akwai masu riƙe wannan ɗabi'a. A gasar birnin Rum ta Italiya a 2005, Andy Roddick na Amurka maki ɗaya ya rage masa ya kori Fernando Verdasco na Sifen. Verdasco ya bugo, mai duba layi ya ce ta fita, wato wasa ya ƙare ke nan. Sai Roddick ya dubi shaidar da ƙwallon ta bari a kan jar ƙasa, ya nuna wa alƙali cewa ta taɓa layi. Aka ci gaba, daga ƙarshe Verdasco ya cinye shi. Wannan mutum ba Musulmi ba ne, bai karanta Ahalari ko Iziyya ba. To ina ga mu da muke haddace hadisin Mala'ika Jibrilu a cikin Arba'una, muka san ma'anar ihsani, muka kuma karanta gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu? Wanda ya ce ƙwallo ta fita alhali ta shiga, da mai danne mudu a kasuwa, da mai leƙen takardar ɗan'uwansa ranar jarrabawa, duk ciwo ɗaya ke damunsu.

Na ga wannan gwaji da idona a filinmu. Mun shirya 'yar gasa tsakanin yaran Boɗinga da na Shagari, kyautar kuwa sabon raket ne da wani bawan Allah ya ba da. Yaronmu, ɗan shekara 13, ya kai wasan ƙarshe. Ya daɗe yana ara, kullum mafarkinsa ya mallaki nasa. Turmin ƙarshe ya yi zafi, abokin karawarsa ya bugo wata ƙwallo mai ƙarfi can ƙarshen fili. Iskar hunturu ta share tokar wajen, 'yan garinmu kuwa suka ɗauki ihu, "Ta fita! Ta fita!" Ni ina tsaye nesa, ban gani ba. Yaron ya sunkuya ya duba, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ta taɓa." Wasa biyu bayan nan aka cinye shi. Ya je ya miƙa wa ɗan Shagari hannu, sannan ya koma bayan bishiya ya yi kukansa.

Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai ya kyautar da raket da bakinsa. Mahaifinsa, wanda dama bai cika son wasan ba, ya zo mini washegari. Na ɗauka cewa zai yi yaron ya daina. Sai ya ce, "Malam, an ba ni labari. Wanga yaro daga yau shi za ya riƙa zama shago in na tafi kasuwar ƙauye." Yana da 'ya'ya biyu da suka girme shi. Raket dai yaron bai samu ba a ranar, har yanzu nawa yake ara.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran yara su bar allo su koma fili. Wasa yana da iyaka, kuma ga iyakokin da muke bi. Na ɗaya, in an kira salla an ajiye raket, ko da maki ɗaya ya rage. Na biyu, sutura: da dogon wando muke wasa, kuma bai taɓa hana kowa gudu ba. Na uku, wanda bai kawo haddarsa ba, ba ya taka fili ranar. Na huɗu, babu caca ko ta sisin kwabo, kuma ina jan kunnen samari game da shagunan caca da na cikin waya, domin haramun ce ko da a kan wane wasa aka yi ta. Na biyar, babu zagi, babu jifa da raket. A lokacin bazara, da zafi kan wuce digiri 40, sai bayan Asuba ko dab da faɗuwar rana, kowa da gorar ruwansa.

Motsa jiki kuwa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Kakanninmu na ƙasar nan, zamanin da Shehu Usmanu yake Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yake nan Boɗinga, malamai ne masu rubuta littattafai, kuma mahaya dawaki ne masu harbi da baka. Saboda haka 'yan mata ma suna da haƙƙi, in an keɓe musu wuri da lokaci, malama na kula da su.

Roƙona ga iyaye shi ne, ku zo ku gani da idonku wata La'asar kafin ku yanke hukunci. Wanda yake da tsohon raket ko ƙwallo a ajiye, ko buhun farar ƙasa na jan layi, makaranta na maraba. Ku kuma ɗalibai, ba lallai ne kowa ya iya bugu ba, amma kowannenku za a wayi gari an ba shi ajiyar da babu mai gani sai Allah, ko kuɗin marayu, ko makin ɗalibai, ko sirrin maƙwabci. Gara ku saba faɗin gaskiya tun a kan ƙwallo.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya shirya mana zuriyarmu. Amin. Wassalamu alaikum.