Wai mene ne "sniffer", kuma da gaske yana karanta WhatsApp ɗin wani?

Yau kalma ɗaya za mu warware, saboda tambaya a kanta ta yi yawa a akwatin saƙonmu, kuma na lura kusan kowa da abin da yake nufi da ita.

Asalinta daga kalmar Turanci ce mai nufin sunsuna ko shinshina. Sniffer kenan shi ne mai sunsune. Karnukan da hukumar NDLEA ke amfani da su wajen gano ƙwaya a cikin kaya haka ake kiransu. Yaron da ya ɗabi'antu da shaƙar sholisho, Allah ya shirya mana, shi ma sunan da Bature ke ba shi kenan. Masu gyaran firji da AC kuma suna da 'yar na'urar da ke ƙara idan gas na yoyo, ita ma sniffer ce. Sai kuma wani ruɗani namu na Hausawa: da yake bakinmu kan mayar da "p" ta koma "f", wasu na haɗa ta da Sniper, maganin ƙwarin nan ɗan uwan fiya-fiya wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019. Babu abin da ya haɗa su. Idan ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi ka ce a ba ka "sinifa", Allah kaɗai ya san layin da za a nuna maka.

Amma mu bar wasa, na san wadda kake nema: ta kwamfuta.

Duk abin da ka tura ta intanet ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi ƙananan ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi. Sniffer manhaja ce da ke zama a kan hanya tana kallon ƙullin nan suna wucewa, tana kwafarsu. Kamar mutum ne ya sami benci a tashar Kawo ya zauna, yana rubuta kowace mota da ta tashi, ina ta nufa, ƙarfe nawa, kaya nawa ta ɗauka. Wadda ta fi shahara ita ce Wireshark, kyauta ce. Gerald Combs ya fara ta a 1998 da sunan Ethereal, aka sauya mata suna a 2006. Aikin halal ake yi da ita: injiniya na duba me ya sa intanet ɗin ofis ke jan ƙafa, ɗalibin kwamfuta a KASU ko Kadpoly na koyon yadda na'urori ke magana da juna.

To, mai zama a tasha yana iya buɗe kayan ya ga abin da ke ciki? A da, eh. A 2010 wani mai suna Eric Butler ya saki Firesheep, wadda ke ba mutum damar shiga Facebook ɗin duk wanda suke kan buɗaɗɗen Wi-Fi ɗaya da shi, da dannawa ɗaya. Abin ya girgiza kamfanoni. Zuwa 2013 Facebook ya mayar da https dole ga kowa, a watan Afrilun 2016 kuma WhatsApp ya kulle saƙonni daga wayar mai turawa har wayar mai karɓa. Yanzu idan ka kunna Wireshark a kan Wi-Fi ɗin otal, abin da za ka fi gani shi ne sunan shafin da aka ziyarta, lokaci, da yawan datar da ta wuce. Saƙon kansa kuwa wasu haruffa ne birkitattu da ba su da kai ba su da gindi. Ga shi kuma yawancinmu a nan da datar MTN ko Airtel muke hawa, ba ma kan Wi-Fi ɗin kowa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga saƙo irin: "Malam don Allah turo min sniffer, ina son ganin da wa take hira." Ɗan uwa, ba zan turo ba, don babu ita. Duk manhajar da ta ce ka saka lambar mutum kawai ka ga hirarsa, ƙarya ce tsagwaronta. Ba za ka same ta a Play Store tana yin abin da ta ce ba, sai dai a turo maka linki ka sauke daga wani shafi. Da ka girka ta, za ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin wayarka. Ka ba ta, ka miƙa mata lambar sirrin da bankinka ke turowa ta SMS. Ka je farauta, an farauce ka. Na san wani matashi a Unguwar Dosa da wannan ta ci, kuɗin da ya tara na haya suka tafi cikin dare ɗaya, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa yadda aka yi. Ban da haka, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta satar sauraron sadarwar wani ba bisa izini ba, addini ma ya hana mu bin diddigin sirrin juna.

Za ka ce ai ka san wanda aka karanta masa hira. Gaskiya ne, ana yi, sai dai ba ta sniffer ba. Hanyar ta fi haka sauƙi. Ka bar wayarka a wurin caji ko wurin mai gyara babu makulli, ko ka ba wani aro "zai kira minti ɗaya", ya buɗe WhatsApp ɗinka ya haɗa shi da kwamfutarsa. Ko a kira ka da murya mai daɗi a ce an saka ka a rukunin tallafi, ka karanto lambobi shida da aka turo maka. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin asusunka.

Yanzu ɗauki wayarka mu duba tare. Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Linked devices. Duk na'urar da ba ka gane ba, taɓa ta ka danna Log out. Daga nan shiga Settings, Account, Two-step verification, ka saka lambobi shida da kai kaɗai ka sani, kada su zama shekarar haihuwarka. Sannan ka leƙa jerin manhajojin wayarka, duk wadda ke da izinin karanta SMS alhali ba ta saƙo ba ce, cire mata izinin ko ka goge ta.

Game da Wi-Fi na kyauta kuwa, ban ce ka guje shi ba, ni ma ina hawa idan data ta yi ƙasa. Ka dai tabbatar adireshin shafi ya fara da https, kuma idan burauza ta yi maka jan gargaɗi cewa shafin ba amintacce ba ne, kada ka ce "ci gaba kawai". Harkar banki kuma ka kashe Wi-Fi ka yi da datarka, ba ta cin data sosai.

Mai son koyon Wireshark don aiki ya faɗa a ƙasa. Idan kun yi yawa, za mu yi darasi a kan hotspot ɗin wayarka da kwamfutarka, ka ga ƙullin naka da idonka.